Tubkal, Dutsen Kamaru ko Kilimanjaro: Wanne Mutumin Maradi Zai Fara Hawa?

Birnin Maradi bai kai mita 400 sama da teku ba. Ƙololuwar Kilimanjaro tana kan mita 5,895, inda oksijin ɗin da ke shiga huhu a numfashi ɗaya kusan rabin wanda ake shaƙa a bakin gulbi ne. Wanda ya tashi a nan jikinsa bai taɓa sanin haka ba, bai kuma taɓa kwana inda ruwa ke daskarewa cikin gora ba. Da waɗannan biyun, ƙarancin iska da sanyi, ya kamata a auna kowane dutse tun kafin a dubi kyan hotonsa.

Duwatsu uku ne suka fi kusa da hannun mai tashi daga Nijar: Tubkal a Maroko mai mita 4,167, Dutsen Kamaru da ya ɗan haura mita 4,000, sai Kilimanjaro a Tanzaniya. Dukkansu da ƙafa ake hawa, babu igiya, muddin an je a lokacin da ya dace. Namu na gida, wanda ke kan tsaunukan Bagzan a jihar Agadas, mita 2,022 ne. Ya isa ya gwada gwiwa, amma bai kai inda ciwon tsauni, rashin lafiyar da ƙarancin oksijin ke jawowa, ke fara kama mutane ba, wato daga wajen mita 2,500.

Likitocin tsaunuka suna da ƙa'ida: da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma duk bayan kwana uku ko huɗu a maimaita kwana a wuri ɗaya. Inda aka yi barci ake ƙirgawa, ba inda ƙafa ta kai da rana ba. Dalilin kuwa shi ne jiki yana ƙara saurin numfashi, ƙoda kuma tana gyara sinadaran jini ta hanyar fitsari don numfashin ya ɗore, kuma wannan aiki kwanaki yake ci. Ƙarfi ba ya gaggauta shi. Ɗan kokowa da ke kayar da maza a fage zai iya kwantawa da amai a mita 4,000, dattijuwa mai tafiya sannu ta wuce shi. Sau da yawa ma ƙarfin ne ke cutar da matasa, don yana ba su damar hawa da saurin da jininsu bai shirya masa ba.

Gwajin jini kafin tikiti

A ƙasarmu, inda sikila ta yi yawa, matakin farko shi ne a je asibiti a yi gwajin nau'in jini. Mai SS ko SC ba shi da zaɓi cikin ukun nan, ya haƙura da su gaba ɗaya, domin ƙarancin oksijin, sanyi da ƙishirwa su ne ainihin abubuwan da ke tayar da ciwon. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne mai AS, wanda bai taɓa jin komai ba a rayuwarsa, shi ma yana da haɗari a sama: jini na iya toshewa a saifarsa. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a saman ciki ta hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har ya harba kafaɗa, galibi a kwanakin farko na isa tudu. Masu AS da dama sun hau sun sauko lafiya, amma shawarar ta likita ce, kuma dole ja-gora ya san da maganar tun a ƙasa, kada ya ɗauki ciwon cikin a matsayin ɓacin abinci.

A auna yawan jini ma. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar a ƙarshen damina jininsa kan yi ƙasa na makonni, haka mata masu ƙarancin sinadarin ƙarfe, ga shi kuwa jinin ne ke ɗaukar ɗan oksijin ɗin da ya rage. Zazzaɓin kan kuma ɓuya a jiki mako guda ko fiye, ya fito can inda ko sauro ɗaya babu. Ciwon tsauni ba ya zuwa da zazzaɓi mai zafi, don haka a tafi da abin gwaji na gaggawa da cikakken zubin magani. Mai hawan jini ko ciwon suga da ya daidaita zai iya tafiya da izinin likitansa, ya riƙa ajiye allurar insulin a jikinsa don daskarewa na lalata ta. Mai ciwon zuciya ko huhu, da mace mai juna biyu, su jira.

Tubkal

Daga Yamai akwai jirgi zuwa Kasablanka, daga nan jirgin ƙasa zuwa Marrakesh, sai mota ta wajen awa ɗaya da rabi zuwa ƙauyen Imlil, kan mita 1,740. Yadda aka saba sayar da tafiyar kwana biyu ce. Ranar farko awa biyar zuwa shida, a bi ta Sidi Shamharush a kai masaukin da ke mita 3,207. Washegari a tashi kafin asuba, a hau sauran mita 960 cikin awa uku zuwa huɗu, sannan a sauko har Imlil a ranar.

Matsalar a fili take: an tashi kusan mita 1,500 a wuni ɗaya. Shi ya sa masaukin ke cika da masu ciwon kai da waɗanda barci ya gagara. Abin da ke ceton yawancinsu shi ne dare ɗaya kawai suke yi a sama, kafin ciwon ya yi nisa sun sauko. Gyaran ba shi da tsada: a kwana a Imlil tukuna, a bi ta kwarin Azzaden a kwana wajen mita 2,250, sannan a tsallaka zuwa masaukin, tafiyar ta zama kwana uku ko huɗu.

Saman dutsen tsakuwa ce mai zamewa, hawanta kamar hawan tarin gero, taku biyu gaba ɗaya baya. A saukowa kuwa mita 2,400 ake sauka a wuni guda, kuma a nan gwiwa da farcen babban yatsa ke shan wuya. Daga Mayu zuwa Oktoba tafiyar ƙafa ce zalla. Daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu ƙanƙara ke rufe hanyar, sai da ƙarafan da ake ɗaura wa takalmi da gatarin ƙanƙara, da sanin yadda ake tsayar da kai in an zame. Wanda bai taɓa taka ƙanƙara ba kada ya je a wannan lokaci, komai arhar tikiti.

Tun bayan kisan wasu mata biyu ƴan Turai kusa da Imlil a Disamban 2018, ba a barin kowa ya hau ba tare da ja-gora mai izini ba, kuma ana duba fasfo a hanya. Alfadarai ne ke ɗaukar kaya. Mutanen wurin Musulmi ne, abinci ba abin tambaya ba ne, Faransanci kuma yana aiki. Kuɗin ja-gora, alfadari, kwana da abinci bai kai rubu'in na Kilimanjaro ba.

Dutsen Kamaru

Shi ne mafi kusa, shi ne kuma mafi cin ƙafa. Ana tashi daga Buea, wajen mita 1,000, a hau mita 3,000 cif ta hanya mai miƙewa tsaye. Bukkar masu hawa ta farko tana cikin kurmi wajen mita 1,850. Daga nan itatuwa sun ƙare, sai ciyawa da baƙin dutsen aman wuta mai kaifi, babu inuwa, ruwa kuma sai wanda aka ɗauko. Yawanci a bukka ta biyu ake kwana, wajen mita 2,850. Ta fuskar ƙarancin iska wannan ya fi Tubkal sauƙi, tunda barcin bai kai mita 3,000 ba, amma ta fuskar ƙarfi ya fi shi nesa ba kusa ba. Iskar da ke kaɗawa a ƙololuwa kan sa mai jiƙaƙƙiyar riga rawar ɗari cikin ƴan mintuna.

Dutsen yana da rai, ya yi aman wuta a 1999 da 2000. Gefensa na yamma na cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwan sama a duniya, saboda haka daga Nuwamba zuwa wajen Maris kaɗai ake hawa cikin natsuwa. Babban abin dubawa shi ne tsaro. Buea tana yankin Kudu maso Yamma, inda rikicin ƴan aware ya ɓarke tun 2017, kuma a Fabrairun 2023 abubuwan fashewa sun tashi a lokacin tseren shekara-shekara da ake yi kan dutsen. Dutse ne mai kyau ga wanda ya riga ya san ƙafarsa, yana kuma da ɗan gari da zai faɗa masa gaskiyar halin da ake ciki a makon tafiyar. Ba mu ba mai farawa shawarar ya fara da shi.

Kilimanjaro: hanyar ce zaɓin

Ana zuwa ta Addis Ababa, daga Yamai ko daga Kano, a sauka a filin jirgin da ke tsakanin Moshi da Arusha. A riƙe katin rigakafin zazzaɓin shawara. Watannin hawa su ne Janairu zuwa tsakiyar Maris, da Yuni zuwa Oktoba. Doka ta wajabta bin kamfani mai rajista da ja-gora mai lasisi.

A nan tambayar da ta fi "wane dutse" nauyi ita ce "kwana nawa". Hanyar Marangu ta kwana biyar ita ce mafi arha, kuma ita kaɗai ke da ɗakunan kwana, shi ya sa ake tallata ta da sunan mai sauƙi. Dubi wuraren barcinta: Mandara mita 2,700, Horombo 3,720, Kibo 4,700, sannan tsakar daren nan na uku a tashi zuwa ƙololuwa. Kowane dare mita 1,000, ninki biyu na ƙa'ida. Ga wanda kwana biyar da suka wuce yake Maradi, wannan caca ce da lafiya. In dole sai Marangu, a ɗauki ta kwana shida mai dare biyu a Horombo.

Machame ta kwana bakwai ta fi wahalar ƙafa, a tanti ake kwana, amma tsarinta ya fi dacewa da jiki. Dare na farko wajen mita 3,000, na biyu a Shira wajen 3,800. Rana ta uku ita ce sirrin hanyar: a hau zuwa Lava Tower, mita 4,600, a ci abincin rana da ɗan ciwon kai, a sauko Barranco a kwana wajen 3,950. Washegari a hau katangar Barranco, inda ake ɗan dafa dutse da hannu, a kwana Karanga wajen 4,000, sannan Barafu wajen 4,670. Dare uku ke nan a jere tsakanin mita 3,800 da 4,000, kuma su ne ke kai mutum ƙololuwa. Machame ta kwana shida tana tsallake Karanga, wato ta yanke daidai daren da aka fi buƙata. Lemosho ta kwana takwas tana tasowa daga yamma, ta ƙara dare a ƙasa-ƙasa, sannan ta haɗe da Machame. Ita muka fi so ga mutumin Sahel in aljihu zai ɗauka. Rongai ta arewa ta fi bushewa. Umbwe a bar wa waɗanda suka saba.

Daren ƙololuwa duk hanyoyin ɗaya ne, kuma babu kamarsa a sauran duwatsun biyu. Ana tashi wajen sha biyun dare, ba a yi barcin kirki ba, abinci ba ya shiga. Mita 1,200 ake hawa cikin duhu, awa shida zuwa takwas, sanyi na iya kaiwa digiri 10 zuwa 20 ƙasa da sifili in iska ta taso. A hanyar Machame ana isa bakin ramin dutsen, mita 5,756, wajen fitowar rana, saura kamar awa ɗaya zuwa Uhuru, wato ƙololuwar. Daga nan a sauko Barafu, a ɗan huta, a ci gaba har wajen mita 3,100. Awa 12 zuwa 15 ke nan a kan ƙafa. Mai shirin tafiya ya yi horo don wannan rana, sauran kwanakin ba su kai ta ba.

Kuɗin hukumar gandun kaɗai, na shiga da na kafa tanti da na ceto da haraji, yakan kusan dalar Amurka 1,000 a kwana bakwai. Kamfanin kirki yakan nemi dalar Amurka 2,000 zuwa sama, wato fiye da miliyan ɗaya na sefa, ban da jirgi, biza da kyautar ƴan dako, wadda ta zama al'ada. Wanda ya ce zai kai ka da dala 1,200, yi lissafin abin da ya rage masa na abinci, tanti da albashin mutanen da za su ɗauki kayanka. Daga cikinsu za a yanke: babu tukunyar oksijin, ɗan dako ya hau da silifas, ja-gora ɗaya ga mutum takwas.

Abin da ke lalacewa a sama

Ciwon tsauni na yau da kullum yakan fara awa shida zuwa 12 bayan isa sabon wuri: ciwon kai, tare da tashin zuciya, jiri ko kasala. Mai shi ba ya ƙara hawa. Ya tsaya inda yake, ya sha farasitamol ko ibuprofen, ya sha ruwa. In bai samu sauƙi cikin kwana ɗaya ba, ya sauka mita 300 zuwa 1,000.

Biyu ne ke kisa. Na farko kumburin ƙwaƙwalwa: mutum ya fara tangaɗi, magana ta rikice, ya ƙi tashi daga kwance. Gwajinsa shi ne a ja layi a ƙasa ya bi, dunduniya na taɓa yatsu. In ya kasa, a sauke shi nan take ko da ƙarfe biyun dare ne, da oksijin da deksametazon, miligiram 8 da farko sannan 4 duk awa shida. Na biyu ruwa a huhu, wanda ya fi zuwa a dare na biyu zuwa na huɗu: haki ko a zaune, tari, leɓe ya yi duhu, daga baya majina mai kumfa da ɗan jini. Shi ma sauka da oksijin, da nifedifin in sauka ta yi jinkiri. Magungunan lokaci kawai suke saya wa mutum. Mai kumburin ƙwaƙwalwa kuma zai rantse lafiyarsa lau, don haka ba a jiran yardarsa, ba a kuma barinsa ya sauka shi kaɗai.

Maganin rigakafi shi ne asetazolamid, wanda ake sayarwa da sunan Diamox, miligiram 125 safe da yamma, farawa kwana ɗaya kafin hawa. Yana sa yawan fitsari da tsikarin yatsu. Likita ne zai rubuta, musamman ga wanda magungunan salfa ke wa illa, a saya a farmasi, a kuma gwada a gida tukuna. Tramol da maganin barci kada su shiga jaka ko kaɗan: suna rage numfashi da dare, daidai lokacin da oksijin ya fi yin ƙasa, suna kuma rufe alamun da ja-gora ke dubawa. Wanda ya saba da shayi ko goro ya ci gaba, don yanke su rana ɗaya kan kawo nasa ciwon kan.

Horo a garin da babu dutse

Wata uku, kwana huɗu a mako. Yashin gulbi da rani ya fi kwalta amfani, a bi shi da jaka mai kilo shida zuwa takwas a baya. Duk benen da aka samu izini a hau a sauka, daga minti 15 har a kai 45, kuma saukar ma a yi ta da ƙafa, don ita ke horar da cinya. Sau ɗaya a mako a yi doguwar tafiya, daga awa biyu har ta kai bakwai. Zuwa Tibiri da dawowa ma'auni ne mai kyau. Wanda ya yi awa shida yau, gobe ya ƙara huɗu gwiwa ba ta kumbura ba, ƙafarsa ta isa Tubkal da Machame. Dutsen Kamaru yana neman fiye da haka.

Lokacin ma yana shiga zaɓi. Horon sanyin hunturu, Nuwamba zuwa Janairu, ya yi daidai da Kilimanjaro a Fabrairu. Tubkal na Satumba ko Oktoba horonsa a damina yake faɗawa, lokacin sauro. A bazara, da zafi ke haura digiri 40, bayan sallar asuba kawai ake fita. Jure zafin Maradi ba ya ƙara wa mutum komai wajen jure ƙarancin iska.

Kaya da ibada

Zafin iska yana raguwa da wajen digiri shida da rabi a kowace mita 1,000. Auduga tana riƙe gumi ta sanyaya jiki, don haka ba ta taɓa fata a sama. A sa rigar ƴan ƙwallo a ciki, rigar ulu a kai, sai rigar sanyi mai kauri da mai tare iska da ruwa. Yawancinsu ana samu a gwanjo. Jakar barci mai jure digiri 10 ƙasa da sifili da sandunan tafiya gara a yi haya a Moshi ko Imlil. Takalmi kuwa ba a haya: a saya tun wata biyu, da rarar faɗin yatsa a gaba, a yi horon da shi. Safar hannu biyu, tocilar goshi da batir na ajiya cikin aljihun ƙirji, tabarau mai tare hasken rana, man kaɗe don leɓe, man kariyar rana don baƙar fata ma tana ƙonewa a can. Ruwa lita uku zuwa huɗu a rana, a gora mai ƙarfi, don Kilimanjaro ba a shiga da robar ruwa ta yarwa. Dabino, gyaɗa da ƙuli-ƙuli suna shiga lokacin da abincin tanti ya ƙi.

Ba a haɗa hawan nan da azumi, na farilla ko na nafila. A tambayi malami kan kasaru, haɗa salla da taimama kafin a tashi, domin jiƙa hannu da ƙafa a daren ƙololuwa na iya kashe yatsu. Asuba a kan hanya za ta riski mai hawa, sai a gaya wa ja-gora tun da yamma ya zaɓi wurin tsayawa mai kariya daga iska.

Ga mai farawa, Tubkal na kwana huɗu tsakanin Mayu da Oktoba shi ne zaɓinmu. Da kuɗi kaɗan mutum zai ga yadda jikinsa ke yi a mita 4,000, kuma in ta ɓaci, alfadari zai sauke shi daga masauki zuwa bakin mota cikin ƴan awoyi. Wanda ransa ke kan Kilimanjaro kai tsaye ya tara kuɗin kwana bakwai ko takwas, in bai kai ba ya ɗaga tafiyar zuwa baɗi. Ya sayi inshorar da ta ambaci mita 6,000 da ɗauka da jirgi mai saukar ungulu a rubuce. Kafin ya tura ko sisi, ya nemi kamfanin ya amsa masa a rubuce: shin ana auna oksijin ɗin jini safe da yamma, tukunyar oksijin nawa ke hawa daren ƙololuwa, kuma ja-gora nawa ne, yadda in mutum ɗaya ya juya za a samu mai rakiyarsa ba tare da an bar sauran su kaɗai ba.